Kaza a Kan Dami: Abin da Ɗalibanmu Ba Su Gani a Fuskar Blender

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata wani ɗalibi ya shigo ofishina da jajayen idanu. Kwana biyu ya yi yana jiran kwamfutarsa ta kammala masa wani ɗan gajeren fim na zane mai motsi, wanda shi ne aikinsa na ƙarshen shekara. A dare na biyu aka ɗauke wuta, batir ya riƙe na sa'a ɗaya da rabi, sannan allo ya yi duhu. Da gari ya waye ya tarar da fayil ɗin bidiyon ya ƙi buɗewa. Saura kwana uku a miƙa aiki.

Ya zo ne neman a ƙara masa lokaci. Sai na ce ya buɗe manhajar, na nuna masa wani ɗan akwati da ke gefen dama na allo, wanda idonsa ya sha wucewa ta kansa ba adadi. Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana a kan dami.

Manhajar ita ce Blender, wadda Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, ya soma ƙirƙira a 1994. Da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 cikin makonni bakwai suka fanshe ta, ta zama kyauta ga kowa. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Don haka ba kayan wasan yara ba ce, kuma ɗalibin da ba shi da kuɗin lasisin manhajojin kasuwa ba shi da mafakar da ta fi ta.

Bari in yi bayanin aikin da ya ci wa yaron nan kwana biyu. Bayan mai zane ya gina siffofi, ya sa musu launi da haske, sai kwamfuta ta zauna ta lissafa yadda hasken zai faɗa kan kowane ɗigo na hoton. Na fi son in kira wannan mataki wankin hoto, kamar yadda masu ɗaukar hoto na da suke shiga ɗaki mai duhu su wanke fim. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, wato minti ɗaya hotuna 1,440. Idan kowane hoto ya ci minti biyu, sa'a 48 ke nan cur. Wane gida ne a Kano ko Zariya zai rantse cewa zai ga wuta ta sa'a 48 ba yankewa?

Kuskuren ɗalibin shi ne ya umarci manhajar ta haɗa komai kai tsaye cikin fayil ɗin bidiyo guda, wanda in aka katse shi a tsakiya galibi ya lalace ke nan. Da ya bar ta ta riƙa ajiye hotunan ɗaya bayan ɗaya, da duk abin da aka wanke kafin ɗaukewar wuta yana nan. Ɗan akwatin da na nuna masa kuwa, wanda aka rubuta wa Overwrite, in aka cire masa alama, manhajar za ta tsallake duk hoton da ta riga ta gama, ta ɗora daga inda ta tsaya. Haɗa hotunan su zama bidiyo daga baya aikin mintuna kaɗan ne, kuma a cikin Blender ɗin ake yi.

Irin waɗannan suna da yawa. Injin wankin da ake kira Cycles yana zuwa ne a saite kan lissafi har sau 4,096 ga kowane ɗigo, adadin da ya dace da manyan kwamfutoci. Ana iya rage shi ƙwarai, a bar na'urar share dusar hoto, wadda ke ƙarƙashinsa a shafi ɗaya, ta goge ragowar. Wanda yake son duba fuskar mutum ɗaya kawai a cikin zanensa, Ctrl da B za su ba shi damar zagaye wurin, a wanke shi kaɗai. Mai kwamfutar cinya da ba ta da madannan lambobi na gefe, ko wanda ba shi da linzami mai maɓalli uku, akwai saiti biyu da aka tanada musamman dominsa a shafin zaɓuɓɓuka. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na daɗe ina lissafi a takarda kafin in gane cewa ana iya rubuta 1920/2 a gurbin lamba manhajar ta raba da kanta. Sai kuma F3, wanda ke buɗe gurbin neman kowane umarni da sunansa.

Laifin wa? Masu ƙirar suna da nasu kason. Shekaru da dama Blender ta yi suna wajen wahalar da baƙo. Sai a 2019, da fitowar sigar 2.80, aka mayar da zaɓen abu kan maɓallin hagu na linzami kamar sauran manhajojin duniya. Kuma wanda ke tsara fuskar manhaja a Amsterdam ba ya kwana da fargabar ɗauke wuta, don haka abin da yake ceton rai a wurinmu, a wurinsa ƙaramin zaɓi ne da za a iya turawa can ƙasa.

Amma kaso mafi girma, a ganina, namu ne. Yaranmu a YouTube suke koyon wannan sana'a, suna kallo suna kwaikwayo: ya danna nan, su danna nan. Mai koyarwar yana zaune gaban kwamfutar da ke wanke hoto cikin daƙiƙu, ba abin da zai sa ya tsaya kan dabarun mai ƙaramin ƙarfi. Ɗalibi sai ya haddace hanya ɗaya daga tasha zuwa gida, bai san sauran unguwannin garin ba. Mu malamai kuma muna duba kyawun abin da aka kawo mana, ba ma tambayar awa nawa ya ci, ko litar fetur nawa janareto ya sha. Na kuma lura da wani tsoro: da yawa ba sa taɓa abin da ba a nuna musu ba, don gudun kada su ɓata kwamfutar da ta aro ce ko ta yaya. Alhali in ka ɗora kibiyar linzami a kan kowane maɓalli ka ɗan dakata, bayaninsa zai fito, ba tare da ka danna komai ba.

A wannan zangon na ware darasin farko gaba ɗaya ga wannan. Ba a zana komai. Kowane ɗalibi zai bi shafukan saitin wankin hoto ɗaya bayan ɗaya, ya rubuto abubuwa biyar da bai san aikinsu ba, ya gwada su, ya zo ya faɗa wa aji. Wasu sun yi gunaguni cewa ɓata lokaci ne.

Shi kuwa wancan ɗalibi, ya rage lissafin, ya koma ajiye hotuna ɗaya-ɗaya, ya cire alamar akwatin. An ɗauke masa wuta sau huɗu a cikin kwana ukun. Ya miƙa aikinsa ranar Alhamis da hantsi.