Kuɗɗin da yaƙi ya haifa: ku duba gwangwanin kaka kafin ku kai ma maƙeri

 Makon jiya wani dattijo daga Jiratawa ya iso mana nan Zariya da gwangwanin madara cike da tsoffin kwabbai. Ya ce na mahaifinshi ne, wanda ya yi sojan Faransa. Wani ya taya su a kan awo, kamar tsohon ƙarfe, shi ne ya ce bari ya tambaya tukuna. Mun zube su bisa tebur, mun ware biyu, kuma a kansu za mu yi bayani yau.

Idan yaƙi ya yi tsanani, hanya takan yanke tsakanin gidan buga kuɗɗi da inda soja yake. Soja kuwa in ba a biya shi ba, ajiye bindiga yake, ko ya juyo da ita. Sai hukuma ta buga kuɗɗin gaggawa da duk ƙarfen da ta samu. Shi ya sa irin waɗannan kwabbai ba su cika kyau ba: wasu rubutun ya karkace, wasu ba su da nauyi ko kaɗan.

Misalin da masu tara tsoffin kuɗɗi suka fi sani shi ne na Tabora, cikin Tanzaniya ta yanzu. A 1916, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, Ingilishi sun toshe teku, Jamusawan da ke mulkin ƙasar kusan ba su samun komi daga gida. Ga sojojin Afirka da ƴan dako suna jiran albashi. Sai suka maida ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa ta Tabora gidan buga kuɗɗi. Kwanson harsashi da tarkacen tagulla aka narka aka yi kwabban heller 5 da 20, da ƴar alamar T a jiki. Da zinariyar mahaƙar Sekenke kuma aka buga rupi 15 mai hoton giwa, guda kimanin 16,000 kacal. Kada ku ce labarin nesa ne: a ƙarshen shekarar nan ta 1916 aka kai sojojin Najeriya, da yawansu Hausawa, su yaƙi Jamus a can, har suka sha wuya a Mahiwa cikin 1917.

To, mu dawo gida. Kwabo na farko da muka ware cikin gwangwanin dattijo rawaya ne, tamma guda, wato faran 1, an rubuta Afrique Occidentale Française da shekarar 1944. A lokacin Jamus ta mamaye Faransa, Paris ba ta iya aiko da canji zuwa ƙasashenmu. Shi ne aka buga tamma da rabin tamma a Landan. Ku ji fa, kuɗɗin Faransa a gidan Ingilishi! Ba don soja kaɗai aka yi su ba, mai saida gyaɗa ma ya riƙe su, amma yaƙi ne sanadinsu. Kuma sun riga CFA haihuwa, don sai ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta.

Mu dai duk lokacin da muka ga 1944 a jikin kwabo, Caroy ke faɗo mana a rai, wato Thiaroye kusa da Dakar. Ranar 1 ga Disamba ta wannan shekara sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan ƴan Afirkan da suka dawo daga yaƙi suna neman bashin albashinsu. Maganar biyan soja ba ƙarama ba ce.

Na biyu fari ne, sakayau, na alminiyom irin na tukunya, da hoton bishiyar kwakwa da rana tana fitowa. Sulen Biyafara ne na 1969. Yaƙin ya fara a Yuli 1967, ya ƙare a Janairu 1970. A farkon 1968 gwamnatin Legas ta canza takardun kuɗɗinta don waɗanda ke hannun ƴan tawaye su zama banza, dole Biyafara ta fito da nata. Kwabban sun zo daga baya: taro, sisi, sule da sule biyu da rabi. Wanda ya san zirga-zirgar Maraɗi, Jibiya da Katsina ba zai yi mamakin ganin ɗaya a Jiratawa ko Tibiri ba.

Yanzu maganar da muka san kuna jira, ta farashi. Ƴan uwa na ƙetare, ku daina tura ma iyaye saƙon WhatsApp cewa kowane tsohon kwabo miliyoyi ne. Ba haka ba ne. Mafi yawa kuɗɗinsu kaɗan ne, kuma giwar Tabora, da yake tana da tsada, jabunta sun cika duniya. Haka babbar azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza da mata ke ratayawa: kusan dukkansu 1780 ke rubuce a jiki, alhali an yi ta sake buga su, har a Bombay lokacin yaƙin Habasha na 1941.

Abin da ke kashe daraja shi ne gogewa. Kada a sa toka, yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, kada kuma a huda shi. A naɗe kowane daban cikin takarda, a ɗauki hoton gaba da baya. Sannan a zauna da tsoho tun yana da rai, a rubuta wa ya kawo shi, daga wane yaƙi, a wace shekara. Mai zuwa Yamai yana iya nuna hotunan a gidan tarihi na Boubou Hama.

Dattijonmu ya koma da gwangwaninshi. Ya ce akwai kuma takardar sallamar mahaifinshi daga soja cikin akwati, zai sa jikanshi ɗan lakwal ya karanta mashi, ya kawo mana ita ranar kasuwa.