Canza Injin Mota: Hayaƙin da Fasinja Ke Shaƙa da Abin da Doka Ta Ce

Da yawa daga cikin motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Safana, Dutsinma, Batsari da Katsina sun daɗe da rabuwa da injin da aka ƙera su da shi. Idan inji ya buga, mai mota yakan sayo ɗan Beljiyam, makanike ya ɗora, a koma hanya. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya sa likita zai sa baki shi ne, a cikin waɗannan motocin ne ake ɗauko mai naƙuda, da yaro mai sikila, da tsoho mai hawan jini zuwa asibiti.

Mene ne haɗarin?

Jama'a sun fi tsoron baƙin hayaƙi, amma wanda ya fi saurin kisa ba a ganinsa. Sunansa kabon monoksayid, ba shi da launi, ba shi da wari. Idan ya shiga huhu, yana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iskar da suke buƙata.

Ga inda canza inji ya shigo. Sau da yawa injin da aka sayo ba ya dacewa da tsohuwar salansa, sai a yanka, a yi walda, a bar ƙofofin da hayaƙi ke tsiyaya a ƙarƙashin mota. Idan ƙasan motar ya yi tsatsa ya huje, nan yake bi ya shiga wurin fasinja. Haka kuma akwai matacin hayaƙi da ke jikin salansa, wanda makanikai ke kira "indomi". Aikinsa rage gubar kafin ta fita. Saboda yana da tsada a wurin 'yan gwangwan, akan cire shi lokacin aikin inji, wani lokacin ma mai motar bai sani ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan guba shi ne fasinjan da aka sa a but. Idan mota tana gudu da murfin baya a buɗe, iska takan juyo da hayaƙin salansa cikin mota. Abin takaici, yara aka fi cusawa a can.

Alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da gyangyaɗi, kuma akan ɗauka hajijiyar mota ce ko zazzaɓin cizon sauro. Abin lura shi ne idan mutum biyu ko uku a mota ɗaya suka fara wannan ƙorafi lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da aka fita. A tsaya, a kashe inji, a fitar da kowa sarari. Wanda ya ruɗe, ko ya suma, ko ƙirjinsa ke ciwo, a garzaya da shi asibitin da ke da oksijin, kuma a gaya wa likita cewa daga mota abin ya fara. Mai juna biyu ta je a duba ta ko da ta warware, domin gubar ta fi daɗewa a jinin ɗan tayi. Madara ko manja ba sa fitar da ita.

Hayaƙin da ake gani shi ma ba ƙyalle ba ne. Yana tayar da asma, musamman da hunturu, kuma tun 2012 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa dajin huhu. Direbobi, 'yan kamasho da masu talla a tasha su ne ke wuni a cikinsa.

Me doka ta ce?

Lambar inji tana cikin takardun mota. Don haka wanda ya canza inji ya riƙe rasidin saye mai ɗauke da lambar sabon, ya je ofishin rajistar motoci a gyara masa takardu. Wanda bai yi ba, ranar da aka duba a hanya zai sha wahalar nuna cewa injin ba na sata ba ne. Jami'an VIO ke duba lafiyar mota su ba da takardar shaida, kuma mota mai tuƙa hayaƙi ba ta cika sharaɗin hawa titi ba. A matakin tarayya, hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin 2011 kan hayaƙin injinan fetur da dizal.

Gaskiyar magana, ba kasafai ake auna hayaƙi da na'ura a hanyoyin karkara ba, saboda haka binciken ya koma hannun mai mota. Kafin ka karɓi motarka daga gareji, a ɗaga ta ka ga salansa daga inji har wutsiya, ka tambayi ko indomin yana nan, a tayar da injin a fili, ba cikin rufaffen shago ba. Hayaƙi shuɗi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, baƙi kuma mai ne ba ya ƙonewa daidai. Kowanne ka gani, aikin bai ƙare ba, kada ka yi lodi.