Wa zai biya kuɗin man janareta a gidan rediyo?

A shekarar 1989, mutumin Gabi ta Nijar da ya kunna rediyonsa ba shi da zaɓi mai yawa. Ko ya kama Muryar Sahel ta gwamnati, ko ya murɗa zuwa Kaduna, ko ya jira BBC da Muryar Jamus a gajeren zango. Labarin Landan yana iso masa har gida, amma abin da ya faru a kasuwar Madarunfa sai a bakin direbobi.

A ƙarshen wannan shekarar katangar Berlin ta faɗi. Ƙasashen gabashin Turai suka fito daga mulkin gurguzu da jaridun da ba su san wani aiki ba sai yabon jam'iyya. Nan da nan Amurka da Turai suka kwararo da kuɗi. Ƙungiyoyi irin su Internews da IREX da gidauniyar attajiri George Soros suka shiga horar da 'yan jarida, suna raba na'urori. An ga amfanin abin: gidan rediyon B92 na Belgrade ya yi ta jan daga da shugaba Slobodan Milosevic, ana rufe shi yana dawowa, har mulkin ya kife a 2000.

Sai dai masu bayarwar sun gano wata matsala tun da wuri. Jaridar da aka raina da kyauta, ranar da aka yaye ta takan mutu. Shi ya sa a 1995 aka kafa asusun MDLF, wanda rance yake bayarwa, don kafar labarai ta koyi ciyar da kanta. Ko hakan ma bai hana masu mulki nuna ƙarfi ba. A 2021 Hangari ta raba Klubrádió da zangonsa, bayan shekaru talatin na dimokuraɗiyya.

Nijar ba ta yi gurguzu ba, amma maƙwabciyarta Benin ta yi, kuma taron ƙasa da aka yi a Kwatano a Fabrairun 1990 ya zama abin koyi. A shekarar ne Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské, jarida mai zaman kanta, a Yamai. Taron ƙasa na Nijar ya biyo baya a 1991. Rediyo R&M ya buɗe a 1994, sai Anfani na Grémah Boucar, wanda sojoji suka rufe a zamanin shugaba Bare, ya dawo, ya kuma kafa reshe a Maraɗi. A lura, 'yan ƙasa ne suka fara, ba baƙi ba.

Hannun waje ya fi fitowa a karkara. A 1999 aka kunna rediyon al'umma a Bankilare mai aiki da hasken rana, kuma da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irinsa suka haura ɗari. A 2016 gidauniyar Hirondelle ta Suwizalan, wadda ta taɓa tafiyar da rediyo a Kosovo bayan yaƙi, ta buɗe Studio Kalangou a Yamai. Ana haɗa labarai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci, a tura wa ƙananan tashoshi su watsa.

Me wannan ke nufi ga Gabi, da ke bakin iyakar Najeriya, kusa da dajin Baban Rafi? Labarin da mutanenta ke nema na kusa ne: ƙauyen da ɓarayin shanu suka shiga jiya, farashin tiyar hatsi, ranar rigakafi, ko iyaka a buɗe take. Ƙaramar tasha ce kaɗai ke damuwa da wannan. Amma ina kuɗin shigarta? Sanarwar biki, ta'aziyya, cigiyar akuya, katin gaisuwa, sai shirin da wata ƙungiya ta biya. Yawancin ma'aikata 'yan sa-kai ne. In batir ya mutu bayan wa'adin tallafi ya ƙare, shiru ake ji. In kuma magajin gari ne ya sayi man janareta, wane mai gabatarwa ne zai tambaye shi inda kuɗin haraji ya shiga? Nan ne gizo ke saƙar, kuma horon kwana biyar a otal ba ya warware ta.

Yanzu ma ƙofofin biyu, ta gida da ta waje, suna rufuwa tare. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, hukumomi sun dakatar da RFI da France 24, suka dakatar da Gidan 'Yan Jarida a Janairun 2024, sannan BBC na wata uku a Disamba. Daga can kuma, a 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar tallafi ta USAID, kuma a watan Maris sashen Hausa na Muryar Amurka ya daina watsa shirye-shirye.