Dabarun Kare Rokar Gwaji daga Lalacewa Yayin Sauka

1.0 Gabatarwa

Kalmar roka ararriya ce daga Ingilishi, tana nufin abin da ke tashi sama ta hanyar feso wuta ko iska ko ruwa daga gindinsa. Rokar gwaji kuwa ƙarama ce da ake haɗawa don nishaɗi ko koyarwa. Wannan sha'awa ta bunƙasa a Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu yin ta a 1957. A Nijeriya an kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka kuma harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003. Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Don haka wannan darasi zai yi bayanin abin da ke lalata roka idan ta dawo, da hanyoyin kare ta.

2.0 Rokar Ruwa

Rokar da ta dace da makaranta ita ce ta ruwa. Ana samun gorar roba ta lemo mai gas, a zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakinta, a kifa ta, sannan a ɗura mata iska da famfon keke. Da zarar an saki murfin, iskar sai ta tunkuɗo ruwan ƙasa, gorar kuma ta yi sama. Malamin da aka tura koyarwa garin Kutama a ƙaramar hukumar Gwarzo zai iya samun waɗannan kaya ba tare da ya je Kano ba. Sai dai da rani filin makaranta kan bushe ya zama fako, musamman inda akwai marmara. Idan roka ɗaya tilo ta tsage a harbin farko, darasi ya tsaya ke nan.

3.0 Dalilan Lalacewa

Dalili na farko shi ne gudu. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 20, in ba iska ta tare shi ba, zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa. Idan kuma gudu ya ninka biyu, ƙarfin da abin ya ɗauko ninkawa yake yi huɗu.

Na biyu shi ne taurin wurin sauka. Ƙwan da ya faɗa kan siminti fashewa yake yi, wanda ya faɗa cikin dusa kuwa yakan tsira, domin dusa tana lotsawa ta tsayar da shi sannu a hankali. Wato idan roka ta tsaya cikin santimita 5 maimakon santimita 1, bugun da za ta sha ya koma kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan duk dabarun kariya biyu ne: rage gudu, da tausasa bugu.

4.0 Dabarun Kariya

4.1 Laima: Ana yanka leda marar nauyi a kewaye, a ɗaura mata zare shida ko takwas masu tsawo ɗaya, a naɗe ta a ƙarƙashin hular roka. Hular ba a matse ta, domin ta zame da kanta idan roka ta kai ƙololuwa. Laima mai faɗin santimita 60 takan sauko da roka mai nauyin giram 150 da gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa. Amma a lokacin hunturu babbar laima kan sa iska ta kwashi roka ta kai ta kan bishiya ko rufin wani. A nan sai a rage girmanta, ko a ɗaura dogon zirin leda a madadinta.

4.2 Hula mai taushi: Rokar da ba ta da laima da ka take faɗowa. Saboda haka ake cusa soson katifa ko auduga a hularta. Kada a sa dutse ko ƙarfe don ƙara nauyi, domin zai fasa gorar, ya kuma raunata wanda ya faɗo wa.

4.3 Fukafukai: Idan roka na saukowa da laima, gindinta ke fara taɓa ƙasa, fukafukai su karye. Maganin wannan shi ne a yi su da roba mai lanƙwasuwa, a manna da salatif, kada kuma su zarce gindin gorar.

4.4 Zaɓen wuri: Rairayi ko gonar da aka girbe sun fi dandamalin siminti da kwalta. A jira iska ta lafa, a kuma tsayar da yara nesa, bayan mai harbi. Ba a yarda a yi amfani da albarushi ko kan ashana ba ko kaɗan.

5.0 Misali daga Manyan Kumbuna

Waɗannan dabaru su ne manyan ƙasashe ke bi. Kumbon Apollo 11 ya sauko da laima cikin tekun Fasifik a 1969. Kumbon Soyuz na Rasha a doron ƙasa yake sauka a Kazakistan, don haka ban da laima yana kunna ƙananan rokoki dab da ƙasa. A 1997 kuwa an naɗe kumbon Pathfinder da jakunkunan iska, ya yi ta tsalle kamar ƙwallo a duniyar Mas har ya tsaya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gudu da taurin ƙasa ke lalata roka, kuma leda da soso da zaɓen wuri sun isa su kare ta. Malamin da ya iya bayyana wannan da Hausa, yana kiran laima da hula da fukafukai da sunayen da yaro ya sani tun a gida, ya sauƙaƙa masa fahimtar kimiyya.

Aiki

1. Kawo dalilai biyu da ke lalata roka yayin sauka.
2. Me ya sa babbar laima ba ta dace da hunturu ba?
3. Fitar da ararrun kalmomi biyar daga wannan darasi, ka faɗi asalin kowace.