Daga Bazaga zuwa jami'ar waje: Yadda hutun hunturu ke ƙarewa a neman takardu da kuɗin guzuri

A ƙarshen watan Disamba, lokacin da hazo ya rufe gonakin albasa na yankin Konni, ɗaliban jami'a kan komo gida hutu. Mafi yawansu hutawa suke zuwa yi. Amma ga wanda ya samu gurbin yin zango ɗaya na karatu a wata ƙasa, waɗannan 'yan makwanni su ne za su nuna ko zai tafi ko kuwa gurbin zai suɓuce masa.

Bazaga ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Konni, cikin jihar Tawa. Ɗan garin da ya ci jarrabawar bakaloriya yakan nufi Jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Kaɗan daga cikinsu ne ke samun damar leƙa wata jami'a a ƙetare kafin su kammala, kuma samun takardar gayyata shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Takardu kafin jaka

Abin da ke fara cin lokacin ɗalibi shi ne takardu: ta haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, ta kotu mai nuna ba a taɓa yanke masa hukunci ba, da sakamakon zangunan da ya riga ya yi, kowace da tambarin hukuma. Wasu a magajin gari ake samunsu, wasu a kotun Konni, wasu sai an koma jami'a, alhali ofisoshi da dama ba su cika aiki a ranakun ƙarshen shekara ba.

Kuskure ɗaya a rubutun suna kan tsayar da komai. Wanda aka rubuta masa Mahamadou a takardar haihuwa, aka sa Mamane a ta makaranta, sai ya je kotu an daidaita kafin wani ofishin jakadanci ya saurare shi.

Sai fasfo. Daga Konni zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 400, kuma ƙasashe da yawa suna son a ce fasfon yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, aka ƙaddamar da fasfon ƙawancen AES, tsofaffin kuma suna nan da ƙarfinsu har wa'adinsu ya cika.

Akwai kuma katin allurar shawara. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya bari sai jajibirin tafiya ya makara.

Ƙofar da ta rufe, da waɗanda suka rage

Shekara da shekaru Faransa ce alƙiblar ɗaliban Nijar, saboda harshen karatu ɗaya ne. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sauya wannan lissafi. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a farkon Janairun 2024. Ko kafin haka ma sharaɗin ba ƙarami ba ne: sai ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 a kowane wata, wato sama da sefa jika 400, tunda Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655 da 'yan kai.

Shi ya sa ido ya ƙara komawa Maroko, wadda hukumarta ta AMCI ta daɗe tana ba ɗaliban Afirka tallafin karatu, da kuma Turkiyya, wadda kan buɗe neman tallafinta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Na Turkiyya cikakken karatu ne, har da shekara guda ta koyon harshen ƙasar, don haka wanda ke son zango ɗaya kacal sai ya bi ta yarjejeniyar da ke tsakanin jami'arsa da wata.

Ga ɗan Bazaga kuwa, ƙasar waje mafi kusa tana bayan Konni. Da ya tsallaka zuwa Illela ta Najeriya, tafiyar da ta rage zuwa Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, inda Jami'ar Usmanu Danfodiyo take tun 1975. A kasuwa da masallaci Hausa ta wadatar da shi, amma a aji Turancin Ingilishi ne. Wannan hanya ma tana da nata haɗarin: an rufe iyakar bayan juyin mulkin, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, kuma duk wanda ke karatu a ɗaya ɓangaren ya ji a jikinsa.

Kuɗin yana cikin gona

Matsala mafi girma ita ce lokacin da tafiyar ke faɗowa. A Disamba da Janairu, kuɗin magidancin da ke noman rani a yankin Konni da Galmi yana cikin ƙasa: iri, taki da man injin ban ruwa. Galibin albasar ba ta isa kasuwa sai wajen Maris da Afrilu, jirgi kuwa ba ya jiran girbi.

Don haka sai a koma ga abin da ke hannu. A sayar da rago ko sa, a taɓa hatsin rumbu, ko a kira ɗan'uwa da ke ci-rani a Abidjan, Libiya ko Legas. Jihar Tawa ta yi suna wajen fita neman kuɗi, kuma sau da yawa guzurin ɗalibi daga aljihun yayansa da bai yi boko ba yake fitowa, ta hanyar kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Wanda ke da tallafin hukumar ANAB ma bai kamata ya ɗora ranar tashinsa a kan ranar biya ba.

A nan ne 'yan damfara ke shigowa. Duk wanda ya nemi kuɗi ta WhatsApp da alƙawarin biza cikin mako guda, abin tuhuma ne. Zango ɗaya ya wuce kwana 90, saboda haka bizar ziyara ta ƙasashen Turai ba ta isa ba, sai ta dogon zama.

Takardar da aka fi mantawa

A tsarin karatun jami'o'in Nijar, kowane zango yana da maki 30 da ake tarawa. Idan ɗalibi bai samu sa hannun sashensa da na jami'ar da za ta karɓe shi a kan jerin darussan da zai ɗauka ba, yana iya dawowa a ce masa ba za a lissafa su ba. Ke nan ragon ya tafi, wata 5 sun tafi, kuma sai ya maimaita. Wannan takarda ɗaya ta fi duk abin da zai sa a jaka daraja, kuma kafin tafiya ake neman ta.

Ita jakar kuwa iyaye mata ne masu ita: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Sai dai mai zuwa Turai ya bar kilishi a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje. Rigar sanyin da ta ishe shi a hunturun Konni kuma ba za ta yi masa komai ba a Ankara, inda dusar ƙanƙara ke zuba a Janairu.

Kafin ranar tashi, ɗalibin zai zagaya gidajen baffanni da gwaggonni da malaminsa na allo yin sallama. Kowa zai miƙa abin da ya sawwaƙa, ko da dala ɗari ce, da addu'ar Allah Ya kai lafiya Ya dawo da shi lafiya. Da asuba zai kama hanyar Konni ya tari motar Yamai, da takardunsa cikin leda a aljihun ƙirji.