Baraden Mulumba: Ƙungiyar Zumunci Ta Mazan Katolika

Duk wanda ya halarci wani babban bikin ɗarikar Katolika a Kafancan ko a wasu garuruwan kudancin Jihar Kaduna, ba zai rasa ganin waɗansu dattawa sanye da kaya iri ɗaya suna tafe a jere gaban Bishof ba. Mutane da dama, Kirista da Musulmi, sukan ɗauka ƙungiyar asiri ce. Amma tarihi ya nuna cewa don a raba jama'a da ƙungiyoyin asiri aka kafa ta.

Sunanta Knights of St. Mulumba, watau Baraden Waliyyi Mulumba. Wani limamin Katolika ɗan Nijeriya, Fada Abraham Anselm Ojefua, shi ne ya kafa ta ran 14 ga watan Yuni, 1953. A wancan zamani ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa sukan shiga ƙungiyoyin asiri domin su sami masu tsaya musu wajen neman aiki, ko ƙarin girma, ko ranar wata masifa. Ikilisiya ta hana mabiyanta shiga, amma hani kaɗai bai share wa kowa hawaye ba. Saboda haka Fada Ojefua ya ga ya kamata a yi musu tasu ƙungiya wadda za ta riƙe zumunci a ƙarƙashin idon shugabannin addini. Ya ɗauko tsarin daga wata ƙungiya ta Amurka mai suna Knights of Columbus, wadda Fada Michael McGivney ya kafa a 1882 don taimakon matan da mazansu suka mutu da kuma marayu.

Mutumin da aka sa wa ƙungiyar sunansa, Matthias Mulumba, wani mai riƙe da muƙami ne a masarautar Buganda, cikin ƙasar Uganda ta yanzu. An kashe shi a watan Mayu na 1886, zamanin Sarki Mwanga, saboda ya ƙi barin addininsa. A 1964 Fafaroma Paul na Shida ya sa shi cikin waliyyai tare da 'yan'uwansa 21. An zaɓe shi ne domin baƙar fata ne, magidanci, mai muƙami, daidai da irin mutanen da ake son jawowa.

Ba a shiga ƙungiyar nan da ka. Sai namiji ɗan Katolika mai riƙe da addininsa, sai kuma an bincika halinsa da zaman gidansa. Daraja huɗu gare su, mutum kuwa yakan fara daga ta ɗaya, ya yi shekaru yana hidima kafin a ɗaga shi zuwa ta gaba. Ginshiƙan tafiyarsu su ne sadaka, da haɗin kai, da 'yan'uwantaka, da kishin ƙasa. Takensu da harshen Latin yana tunatar da su cewa lokaci na gudu, mutuwa kuma na tafe.

Tsarin mulkinsu hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙaramar majalisa, wadda Babban Barde ke shugabanta, tare da magatakarda da ma'aji da limamin da ke kula da su. Ƙananan majalisu suna ƙarƙashin majalisar lardi, dukkan larduna kuma suna bin majalisar ƙoli ta ƙasa. Zaɓe ake yi, ba gado ba. Matan 'yan ƙungiyar su ma suna da nasu reshe.

Kafancan ta daɗe da sanin irin wannan zumunci. Tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa wajen 1927, ma'aikatan reluwe daga kudu suka zo da al'adar haɗa kuɗi don jinya da jana'iza. Ita kuwa Katolika ta yi ƙarfi a yankin har aka ba Kafancan dayosis nata a 1995, aka naɗa Joseph Danlami Bagobiri Bishof na farko. Bayan rasuwarsa a 2018, Julius Yakubu Kundi ya gaje shi. Dayosis ɗin yana cikin lardin Kaduna.

Daga kuɗin da 'yan ƙungiyar ke tarawa ake taimakon iyalin ɗan'uwan da ya rasu, da ɗalibai masu karatun limanci, da marasa lafiya, da fursunoni. Duk da haka ba su tsira daga suka ba. Waɗansu na cewa kuɗin shiga da na kaya sun fi ƙarfin talaka, waɗansu kuma ba su gamsu da tarurrukan da ake yi ƙofa a rufe ba.

A yankin da ya ga rikicin 1987 da na 2011, ya kuma sha fama da hare-hare a ƙauyuka, marayu sun yi yawa ƙwarai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Nan ne jama'ar Kafancan za su auna ƙungiyar, su ga ko taimakonta ya tsaya ga 'ya'yanta kaɗai, ko kuwa ya kai ga maƙwabcin da bai san ƙofar taronsu ba.