Amsoshin Takardunku: Kakana mai ranar haihuwa biyu

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito daga hannun wani mai sauraronmu a Sabo, Ibadan. Ya ce kakansa mai koren shanu ne, ya rasu ya bar takardu biyu. Ta Faransanci ta ce an haife shi a Damagaram wajajen 1915, ta kotu kuma ta ce a Nguru, ran 1 ga Janairu, 1920. Mutanen unguwa kuwa Bakano suke ce masa, laƙabinsa Ɗanazumi. Yanzu 'ya'yan mai tambaya suna neman takardar shaidar asali, shi kuma yana son ya sadu da danginsa. Wacce zai gaskata?

AMSA: To, malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai kada ka ɗauka kakanka ya yi ƙarya. Irin waɗannan takardu ba ranar suna aka rubuta su ba. Sai da mutum ya girma, wata bukata ta kai shi gaban malamin ofis, sannan aka yi su. Saboda haka abin da suke shaida maka shi ne inda ya tsaya a ranar da aka rubuta.

Duba ta Faransancin da kyau, za ka ga kalmomin "né vers", wato "an haife shi wajajen shekara kaza". Malamin ofis ne ya dubi fuskarsa ya ƙiyasta, kuma bai ɓoye cewa ƙiyasi ya yi ba. Damagaram ɗin ma ba lalle cikin birnin Zinder ake nufi ba, ta yiwu ƙauye ne da ke ƙarƙashinta. Ta kotu kuwa takardar rantsuwa ce, irin wadda ake yi don neman aiki ko fasfon zuwa Makka. Ai a 1992 aka yi dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya, a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Shi kuwa 1 ga Janairu, ranar cike gurbi ce, ana ba duk wanda bai san ranarsa ba. In da gaske ne, da ungozomomin ƙasar nan ba su taɓa runtsawa a wannan dare ba.

Laƙabin nan da ka ambata ya fi takardun biyu amfani. Ɗanazumi, an haife shi cikin watan azumi ke nan. To a 1915 azumi ya kama ne wajen tsakiyar watan Yuli, damina ta zauna. A 1920 kuwa ya kama cikin watan Mayu, ana tsakiyar bazara. Ka ga Janairu ta fita ke nan. In akwai tsohuwar da ta taɓa jin ana cewa ana noma aka haife shi, ko ana zafin bazara, ka sami abin riƙewa. Sai dai ka tuna shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11, don haka azumi na wannan shekara da na mai bi mata kusan lokaci guda suke faɗowa. Sai ka haɗa da manyan abubuwan da tsofaffi ke ƙirga shekaru da su: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da annobar Marisuwa ta 1918, da yunwar 'Yar Buhu ta 1927. Wanda aka ce yana goye lokacin Marisuwa, ba a 1920 aka haife shi ba.

Yanzu mu zo kan Nguru, don nan ne zancen shanu ya shigo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930. Daga nan garin ya zama babbar tashar lodin shanun da ake gangarowa da su daga ƙasar Damagaram da Barno zuwa Kurmi. Yaron da ya tashi yana kora, a nan zai yi ta sauka shekara da shekaru, a nan aka san shi, a nan zai sami shaidu biyu da za su raka shi kotu. In malamin kotu ya ce "daga ina?", me kake jin zai ce? Shi kuma "Bakano", a Kurmi kusan duk wanda ya biyo ta Kano haka ake kiransa.

Shawararmu, ka ajiye takardun tukuna, ka fara da ƙofar gidanku. An kafa Sabo a 1916, kuma cinikin shanu a nan bisa masu gida ya tsayu. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar taku cikin 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969 wanda ya bayyana yadda abin yake. Shanun Arewa ba sa jure cizon tsando, dole a sayar da su da wuri kafin su rame, kuma mahauta Yarabawa bashi suke ɗauka. Mai gida ne ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har kuɗinsa su fito. Mutumin da ke ɗaukar wannan nauyi tilas ya san baƙonsa, ya san ubangidansa da garinsu. Kuma falke ba ya yawan sauya masauki, ɗa yakan sauka inda ubansa ya sauka. To ka binciko gidan da kakanka ya fara sauka. Jikokin mai gidan suna nan, ko da kara ta tashi daga mazauninta na da.

In ka je, kada ka tambayi shekara, ba wanda zai ba ka. Ka tambayi shanun wa yake korowa, a wace kasuwa ake sayensu, su wa suke tafiya tare. Sunan ubangidansa shi ne igiyar da za ka bi zuwa Arewa. A Nguru ka nemi sarkin tike da tsofaffin dillalai. Ka leƙa Maigatari ran Alhamis, ranar kasuwa, domin a nan masu shanu daga ƙauyukan Damagaram ke haɗuwa kowane mako. Ka tafi da goro, da hotonsa in akwai. In yana da tsaga a fuska, su za su karanta maka ita kafin ka zauna.

Akwai gidan ajiye takardun tarihi a Kaduna, akwai kuma a Yamai, inda za ka ga rahotannin haraji da jangali. Amma gaskiya mu ba ma ƙarfafa maka gwiwa a can, don Turawa shanu suka fi ƙirgawa, da wuya su rubuta sunan mai kora. Sai ka sami sunan ƙauye tukuna za su yi maka amfani.

Abu guda, in ya tabbata asalin Nijar ne, wannan bai hana 'ya'yanka zama 'yan Nijeriya ba, matuƙar ku iyayensu 'yan ƙasa ne. Kada dai ka yi sabuwar rantsuwa a kan garin da ba ka tabbatar ba. Kuma ka hanzarta, waɗanda suka yi kora tare da shi kaɗan suka rage.